Ɗan Goggona da Kajin da Ya Ƙi Sayarwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya yanka wa kowane rai wa'adinsa tun kafin Ya busa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.

Ɗan goggona ya rasu a Gashuwa ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar ƙoda ta wata biyar. Ya girme ni da shekara shida. Labari ya same ni a Nguru ina tsakiyar ba da karatu. Na rufe littafi, na shiga mota, na iso ana jera sahu. Aka ce ni zan sallace shi, domin shi ya bar wasiyya da haka.

Kwana uku muka yi a rumfar da aka kafa a ƙofar gidansa. Tsofaffin masunta da suka yi ƙuruciya tare da shi suka zo, suka zauna gefe guda, suna ta addu'a. Matan da ke soya fara a bakin kasuwa suka shiga cikin gida a ayari, muna jin kukansu daga waje. Bulaman unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya jiƙan mai tsutsa." Wasu suka yi dariya, sa'an nan suka tuna inda suke, suka haɗiye ta. Wani mai gasa kaza a tashar mota, mutum mai jiki da babbar murya, ya durƙusa zai yi mini gaisuwa, sai ya tashi ya tafi ya jingina da garu.

A rana ta farko, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, babban ɗan mamacin ya miƙe ya zagaya bayan gida. Da ya daɗe, wani baƙo ya tambaya. Aka ce ya tafi ba kaji ruwa ne, ya kuma juya wa tsutsa abinci. Baƙon ya ɓata fuska ya ce, "Yau ma?" Ɗaya daga cikin tsofaffin masuntan ya ce, "Ku ƙyale shi. Da uban zai tashi yanzu, can zai fara zuwa kafin ya gaishe ku."

Kowa ya faɗi abin da ya sani na alheri. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa, kuma na lura duk lokacin da hira ta kusanto shi sai a dube ni a sauya zance. Wannan ladabi ne daga gare su, na kuma gode. Amma ladabin da zai rufe gaskiyar mamaci domin a tsare fuskar rayayye ba adalci ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mahaifiyarsa yayar mahaifina ce, saboda haka ni da shi taubasai ne. Ni an kai ni karatu, shi an kai shi kogi. Tun ina haɗa baƙi yake kirana Goni, wato gwanin malami, don tsokana, har na girma mutane suka fara kirana da sunan da gaske, shi kuwa bai sauya muryar da yake faɗinsa da ita ba. Idan na je Gashuwa da rawani sai ya ce, "Goni, kwance wannan taru da ka naɗa a ka, mu je mu kama tarwaɗa." Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Amma ban taɓa ganin ya sa abu a bakinsa bai san inda ya fito ba.

Ya yi sana'ar su shekara kusan talatin. Da ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, sai ya rataye koma ya gina ɗaki mai raga a bayan gidansa, ya fara kiwon kajin turawa, waɗannan farare masu saurin girma da ake yankawa kafin su cika wata biyu. Mutane suka ce masunci ya zama mai gadin 'yan tsaki. Ya ce, "Da ina bin abinci a ruwa, yanzu abinci ne ke kirana da asuba."

Yana da ɗabi'u a wannan sana'a da suka zama abin labari. Ba ya zuba wa kaji abinci sai ya sunsuna shi, ya kuma ɗanɗana a harshe. Ba ya amfani da sikeli. Yakan ɗaga kaza a tafin hannu ya faɗi kwanakin da suka rage mata, kuma da wuya ya kuskure. Ba mai shiga ɗakin kajinsa da takalmin da ya taka waje, ko wane ne. Bulama da kansa ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa yana leƙe, domin ya ƙi cire nasa. Yakan ce, "Kaza ba ta iya ƙarya ba. Abin da ka ba ta, shi za ta nuna maka a ƙirjinta."

Matsalar irin waɗannan kaji ita ce masara da dusa kaɗai ba sa gina su. Dole a haɗa musu da abin da ke sa tsoka, wato garin kifi ko waken suya. Kifin da ya kore shi daga kogi shi ya biyo shi har ɗakin kaji: garinsa ya yi tsada, wanda ake samu kuma rabinsa ƙaya ne da yashi. Sai ya tuna da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, cewa kazar gida ba abin da take so kamar fara da gara. Ya je wurin mata masu suyar fara, ya ce su riƙa tara masa ƙafafu da fukafukai da karyayyun da suke zubarwa. Yakan shanya, ya kai inji a niƙa, ya gauraya a abinci. Kajin suka karɓa.

A shekara ta biyu ya sayi ɗanyar fara buhu guda daga hannun wani da bai sani ba. Ashe daga gonar da aka yi wa feshin magani aka kwaso ta. Cikin kwana biyu kashi ɗaya cikin uku na kajinsa suka zube. Bai nemi mutumin ba. Ya ce laifinsa ne, shi da bai tambaya ba. Daga ranar, duk mai kawo masa fara sai ya faɗi gonar da wanda ya kama. Daga baya ma ya rage sayen ɗanyar, domin ya ga yana sa ta tsada a kasuwa. Ya ce, "Ba zan yi kokawa da masu cin fara a kan fara ba, saboda kaza."

Nan ne ya koma ga tsutsa. Ya lura da wani baƙin ƙuda mai siririn jiki kamar zanzaro, wanda ba ya sauka a kan tuwo, ba ya damun mutane, yana zuba ƙwai a jiƙaƙƙiyar dusa a bayan injin casar shinkafa. Ya ga kajin unguwa suna rububin abin da ke fitowa. Wani malamin gona ya tabbatar masa cewa a wasu wurare ana kiwon wannan tsutsa da gangan domin kaji da kifi. Ya yanka durori biyu-biyu, ya fara. Shekara uku yana yi, kajinsa suna fita da nauyi, masu gashi suna layi a ƙofarsa. Duk wannan na ji shi ne a bakin mutane. Ban taɓa zagayawa bayan gidansa na gani ba.

Yanzu na zo ga abin da masu gaisuwa suka yi wa kara.

Wani azumi ne da ya faɗo a tsakiyar bazara. Ina tafsiri a masallacin unguwarmu a Nguru bayan la'asar, kuma al'adarmu idan an rufe karatun rana a karanta tambayoyin da aka rubuto. Ranar sha bakwai ga wata aka miƙo wata takarda: mene ne hukuncin kazar da aka yi kiwonta da tsutsa? Ba a ambaci sunan kowa ba. Na san wanda ake nufi, kowa ma ya sani. Da na ji kalmar tsutsa, abin da ya zo mini shi ne mushe da masai. Na ce tsutsa daga ƙazanta take fitowa, dabbar da abincinta najasa ne kuwa ita malamai ke kira jallala, an kuma yi hani game da ita; abin da ya fi ga mai tsantseni shi ne ya guje ta. Na faɗi wannan a lasifika, cikin ƙasa da minti biyu, na wuce ga tambaya ta gaba. Wani ya naɗi maganar a wayarsa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina zaure da wasu dattawa masu ɗaukar fiƙihu, sai ga sallamar ɗan goggona. Ya shigo da bokitin fenti a rufe, ya ajiye shi a gefen buzuna.

"Wushe, sannu, Goni. Ya ibada?"

Na amsa. Ya buɗe murfin. Dattawan suka ja da baya.

"Ga waɗanda ka yanke wa hukunci," in ji shi. "Na kawo su ne su ji da kunnensu, tunda ranar shari'ar ba a kira su ba. Sunsuna."

Na ce, "Ina azumi."

"Sunsune ma yanzu yana karya azumi? Ko shi ma shekaranjiya aka sauya?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Wannan ya sosa mini rai fiye da maganar.

Ya nuna waje da haɓa. "Kajin can da na wuce suna tono a bakin kwata, na gidanka ne ko? Wane malami ya ba su ijaza?"

Na ce masa, da muryar da ban taɓa yi masa magana da ita ba, "Wasan taubasantaka daban, mas'alar addini daban."

Ya mayar da murfin a hankali, ya gyara zama.

"To, an bar wasa. Ina da kaji wajen ɗari uku da na ƙirga wa kwana domin Salla. Jiya masu gashi uku sun aiko cewa sun fasa. Kai ka yi karatu, ni ban yi ba. Ka ce haram ce."

"Ban ce haram ba. Na ce a guje ta."

"A kasuwa waɗannan biyun uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Ya miƙe ya ɗauki bokitinsa. "Ba zan sayar da ko ɗaya ba, ba zan ba iyalina ba, sai ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce a guje ta, a gabanka zan kife durorin."

Na ɗauka matsin lamba ne irin na 'yan kasuwa, kuma zai sayar da abinsa da zarar ya koma.

Bayan azahar na sauke littattafan mazhabarmu. Ban sha wahala ba. Mas'alar tana inda na san take. Duk mai rai mai tsarki ne. Abin da ba shi da jini mai gudana, kamar fara da ƙwaro da tsutsa, ko ya mutu bai zama najasa ba. Jallala kuwa ana kiranta haka ne saboda najasar da take ci, ba saboda ƙwaron da ta tsinta ba. Kuma ko ita ɗin, malamanmu ba su haramta namanta ba, wasu malaman kuma sun ce a tsare ta kwanaki a kan abinci mai tsabta. Saboda haka duk maganar ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: me tsutsar take ci? Wannan tambayar ce ban yi ba. Kafin a kira magariba na san na amsa abin da ban bincika ba.

Ban tafi ba. Na ce wa kaina akwai tafsiri kullum, ga zafi, ga azumi, ga shekaru. Duk gaskiya ne, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya hana ni. Abin da ya hana ni shi ne maganar da aka faɗa a lasifika a lasifika ake janye ta, a gaban mutanen da suka saba ganin ba na kuskure. Na riƙa cewa gobe.

A rana ta takwas matarsa ta kira ni a waya. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kirana da kanta ba.

"Malam, ina yini, ya ibada? Bai san na kira ba, don Allah kada ka faɗa masa."

Na ce ina ji.

"Kajin sun yi nauyi, zafin nan ba sa ɗaukarsa. Muna yayyafa wa rufi ruwa, muna jiƙa buhuna, duk da haka kullum da la'asar sai ya fita da baro cike da waɗanda suka mutu. Shekaranjiya wani dillali ya zo da a-kori-kura, ya ce zai kwashe su duka ya kai kasuwar Jajimaji da ƙauyuka, inda ba wanda ya ji maganar. Ya ƙi."

"Me ya ce masa?"

"Ya ce rashin jinsu ba zai halatta ta ba. Ya ce in Goni ne ke da gaskiya fa, ya ciyar da mutane shubuha ranar Salla?" Ta ƙara da cewa, "Malam, ni ban ce ka halatta ba. Ka zo dai."

Na ajiye wayar. Mutumin da bai san babin tsarki ba ya ɗauki fatawata da nauyin da ni mai ba da ita ban ɗauke ta da shi ba. Ni na faɗe ta na wuce ga tambaya ta gaba. Shi ya tsaya a kanta kwana takwas yana haƙa rami.

Washegari bayan asuba na wakilta wanda zai zauna mini a tafsiri, na shiga motar farko. Na same shi a bayan gida yana ɗaura jiƙaƙƙen buhu a jikin raga. Ya rame. Ya dube ni, bai yi mamaki ba.

"Cire takalmi, Goni."

Na cire. Ya fara kai ni rumfar durorin. Guda goma sha biyu ne a jere a inuwa, kowanne an rufe shi da buhu. Ya ɗaga na farko. Dusar shinkafa ce da ta gero a jiƙe, da ɓawon kankana, da ragowar kabewa da tumatir da yake kwasowa wurin masu gwari. Ya ce in sa hannu. Na naɗe hannun riga na sa. Akwai ɗumi a ciki kamar tuwon da aka rufe, kuma abin yana motsi a tsakanin yatsuna. Warinsa warin ƙullun koko ne da ya kwana.

Sai na yi tambayoyin da ya kamata in yi kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Akwai jini daga mayanka? Babu. Kashin kaji ko na dabba? Babu. Mushe? Ya ce, "Da ina sa mushe, da makon nan sun ƙoshi." Ya ƙara da cewa ya ji wasu na yi da kashin kaji da tumbin mayanka domin ya fi sauri, shi kuwa tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba.

Ya nuna mini sauran aikin. Idan tsutsar ta kai mako biyu ta yi ƙiba, sai ya tankaɗe ta a rariya, ya wanke, ya zuba ta a tafasasshen ruwa. Na ji ya yi basmala kafin ya zuba. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ba kowa. "Rai ne. Kuma ina jira ruwan ya tafasa sosai, don kada su daɗe." Na san babin da ya yi magana a kan wannan, da sharuɗɗansa, shi bai san akwai babin ba. Daga nan sai shanya a kan kwano kwana biyu, sai inji, sai a auna garin a gauraya da masara da dusa da tunkuza da ɗan gishiri da garin ƙashi. Ya ce ba ya cire garin kifi gaba ɗaya, rabi yake maye wa gurbi, kuma ba ya ba 'yan tsaki da yawa sai sun yi ƙwari.

Muka shiga ɗakin kajin. Suna kwance, baki a buɗe, suna haki. Akwai fili a tsakaninsu wanda bai kamata a ce akwai ba. Ta cikin raga na hango bayan katanga, inda ƙasa take a tone sabuwa, wuri-wuri. Na tambaye shi nawa ne. Ya ce, "Ka zo duba tsutsa ne ko ƙidayar gawa?" Har ya koma ga Allah bai faɗa mini ba.

Na ce masa, "Halal ce. Ba jallala ba ce. Na yi kuskure."

Ya ce, "Ni ka faɗa wa a lasifika?"

Bayan sallar la'asar a masallacin unguwarsu na nemi izinin liman na miƙe. Na faɗi abin da na ce a Nguru, na faɗi abin da na gani, na ce maganata ta farko ba ta da tushe, domin na yi ta ban tambaya ba. Da magariba ya sa aka yanka biyu, mai gashin nan na tasha ya gasa, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda masu wucewa za su gani. Na yi buɗa-baki da ita. Ya zauna yana kallona har na kai ƙashi, sa'an nan ya ce wa jama'a, "Ku shaida, Goni ya cinye har da fatawar."

Sai dai Salla saura kwana biyu. Mai gashin ya ce, da kunya, sun riga sun yi magana da motar da ke kawo kaji daga kudu, ba zai iya ɗaukar fiye da ashirin ba. Wasu suka sayi ɗai-ɗai. Abin da ya rage ya raba wa maƙwabta da matan nan masu suyar fara da safiyar idi. Wata biyu ɗakin yana wofi kafin ya iya zuba sababbin 'yan tsaki. A ranar rufe tafsiri na maimaita janyewar a Nguru, a lasifikar da na yi ta farko. Mutane suka ce madalla, Allah Ya ƙara wa Malam tawali'u. Yabo na samu. Shi kuwa kaji ya binne.

Bai taɓa tayar mini da maganar da ɗaci ba. Da wasa kam, kullum. Idan an tambaye ni wata mas'ala a gabansa sai ya ce, "Ku bari ya cire takalmi tukuna." Duk wanda ya zo koyon kiwon tsutsa yakan koya masa kyauta, ya ba shi iri a gwangwani, da sharaɗi ɗaya: kada ya kusantar da ita ga ƙazanta. Yakan ce, "In ka sa, Goni ya yi gaskiya ke nan, ni kuwa ba na son haka."

Da jinya ta kwantar da shi na je na zauna a bakin gadonsa. Ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ta yi ƙasa. Na ce ina neman ya yafe mini kwanakin nan da na sa shi jira. Na kuma faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tun ranar da ya zo da bokiti na ga amsar a littafi.

Ya ce, "Na sani. Na san ka tun kana cin ƙasa. In ka yi fushi irin wannan, to ka gane ba ka da gaskiya ne." Ya ja numfashi. "Na yafe. Amma ka sallace ni da kanka, kuma wannan karon kada ka ce gobe."

Bayan addu'ar uku na kamo hanyar Nguru. Motarmu ta tsaya a Jajimaji, wani fasinja ya leƙa ta taga zai sayi gasasshiyar kaza. Mutumin da ke kusa da ni, magidanci mai kamala, ya riƙe masa hannu ya ce ya yi hattara, kajin yankin nan da tsutsa ake kiwon wasunsu, kuma wani babban malami a Nguru ya hana. Ya ciro waya ya danna. Na ji muryata, shekara huɗu baya, tana faɗin abin da ban bincika ba, cikin natsuwa da tabbaci.

Na ce masa, "Ɗana, ni ne mai maganar nan. Na janye ta tun a azumin, sau biyu, a gaban jama'a."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni dai wannan ce ta zo mini."

Mamacin ya bar mata da 'ya'ya, kuma da wannan sana'ar za su ci. Saboda haka nake rubutawa, da hannuna, domin ta je inda murya ba ta je ba. Kazar da aka ciyar da garin fara, ko garin tsutsar da aka yi kiwo a kan dusa da kayan lambu masu tsarki, halal ce, ba karhanci a cikinta. Wanda ya yi kiwon tsutsarsa a kan najasa, hukuncinsa daban, sai a je a gani kafin a yi magana. Maganar da ke yawo a wayoyi tawa ce, kuma kuskure ce. Wanda yake da ita ya goge; wanda ya tura wa wani ya bi ta da wannan.

Ya Allah, bawanka ya bar dukiyarsa ta mutu a hannunsa don gudun kada ya sa wa Musulmi abin shakka a baki. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ciyar da shi daga abin da babu shakka a cikinsa. Ka tsare abincin iyalinsa daga sharrin harshena. Amin.